Ƙaron Hano da Ƙafar Tunau

Tun kafin fatake su san hanyar yammacin ƙasar nan, an yi wani maharbi mai suna Tunau. Kirarinsa shi ne, "Gagara-ɓauna, kibiya ɗaya nama ɗaya!" Yayarsa Kyauta, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, ita kaɗai ce ba ta ɗauki kirarin nan a bakin komai ba.

Wata shekara ya harbi ɓauna, ita kuma ta soke shi a cinya. Ƙafa ta kumbura suntum, kwana tara ba barci sai sambatu. Maharba suka taru suka ce a yanke ta.

Kyauta ta ce, "Ku ba ni kwana uku."

Ta bi sawun ɓaunar, ƙaya na yagar zanenta, har ta tarar da ita tana goga rauninta a jikin itacen hano. Ƙaro na tsattsafowa, ƙamshi ya cika wurin. Dabbar ta dube ta, ta kwanta lamo kamar tunkiya. Kyauta ta kankaro ƙaron da ɓawon itacen ta juyo gida.

Nan fa ake yin ta, domin maharbi ba ya kusantar turare, nama na shaƙo shi daga nesa. Tunau ya ce, "Yaya, kada ki kashe mini baka. Gara a yanke."

Ta ce, "Da ƙafa biyu na goya ka, ba zan karɓi ɗaya ba."

Ta kori maharban da taɓarya, ta watsa ƙaro a garwashi, ta wanke raunin da ruwan ɓawo. Tunau ya yi ajiyar zuciya, barci ya kwashe shi. Kafin mako kumburi ya sace.

Ƙafa ta warke, amma ƙamshin ya ƙi barin jikinsa. Sau bakwai yana shiga daji, ko zomo bai gani ba. Ya rataye bakansa, shekara guda bai yi wa Kyauta magana ba. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma ba ta yi nadama ba.

Ashe saboda ƙamshin nan zaki da kura ma sun ƙaurace wa wurin da yake zaune. Makiyaya da manoma suka ji labari, suka kafa bukkoki kewaye da shi, suka naɗa shi sarki. Ran naɗin ya ƙi hawa doki, ya tako har ƙofar Kyauta ya durƙusa, ya nuna mata ƙafafunsa.

"Yaya, ga su nan duka biyun."

Asalin Tungar Hano ke nan. Har yau sabon sarkinsu a ƙasa yake zuwa ƙofar yayarsa, ta turara shi.