Akushin Habibu da Aka Mayar

Akwai wani mai sayen albasa a Malbaza, sunansa Habibu. Ranar Jumma'a, 9 ga Nuwamba 2007, aka yi masa abin da har yau ba a gyara ba. Ina wurin, a kan tabarmar ƙofar gidan Liman nake.

A unguwarmu magidanta ciyayya suke yi. Bayan magariba kowa ya fito da akushinsa ƙofar gidan Liman, a ci na wannan, a ci na wancan.

A shekarar kowa maganar hannun jarin Najeriya yake. Kamalu, wani ma'aikacin buro, wato ofis, ya dawo daga Sakkwato da labarin asusu biyu. Ya ce asusu kamar buhu ne: ka zuba kuɗinka, masu shi su sayo hannun jarin kamfanoni da yawa su haɗa a ciki, kai kuma kana da rabo. Na farko ya ninka kuɗin mutane bara. Na biyu ribarsa kaɗan ce, kada ma a ɓata lokaci a kansa.

Habibu ya tambaye shi me ke cikin buhun farko. Kamalu ya ce riba ke ciki.

"Ni ko albasar Galmi ba na saye sai an zazzage mini buhu," in ji Habibu. "Manyan a baki ake jera su. Ruɓaɓɓun suna gindi."

Aka yi dariya. Shi kuwa da gaske yake. Ya shiga mota ya tafi Sakkwato, ya zauna gaban ma'aikacin kamfanin yana tambaya har mutumin ya gaji.

Da ya dawo ya faɗi abin da ya ji. Buhun farko kusan duka bankuna ne, in sun faɗi tare za su faɗi. Masu asusun suna cire ladansu kowace shekara, ko an ci riba ko ba a ci ba. Na biyu ya haɗa siminti, fulawa, sukari da sauransu, ladansa kuma bai kai na farko ba. Ya ƙara da cewa duka biyun da naira suke, mu kuwa da sefa muke cefane. Shi dai ya zuba kaɗan a na biyu, abin da in ya tafi gidansa ba zai kwana da yunwa ba.

Mutum biyu suka fasa zuba kuɗinsu a asusun farko. Kamalu kuwa yana da la'ada a kan kowane mutum da ya kai, abin da bai taɓa faɗa mana ba.

A wannan Jumma'ar da aka jera akusa, Kamalu ya sa ƙafa ya tura na Habibu gefe.

"Ba mu cin tuwon mahassadi," ya ce. "Mai warin albasa mi ya sani ga banki? Ka koma ka zazzage buhunka."

Ba wanda ya buɗe akushin. Habibu ya ɗauke shi da kansa ya shiga gida. Matarsa Badi'a ta ɗaga murfi ta ga tuwon yadda ta kwashe shi. Tun daga ranar a tsakar gida yake cin abinci, kamar mara lafiya.

Watanni suka wuce, asusun Kamalu, wato na farkon, yana ta hawa, shi kuma yana ta habaici. Sai kasuwar ta juya a 2008. Bankunan suka zube, naira ma ta bi su. Asusun Habibu shi ma ya sauka, ba zan ce bai yi asara ba. Amma na Kamalu ƙasa ya kai. Isufu direba, da ya zuba kuɗin aikin Hajjinsa, bai tafi ba. Kamalu ya sayar da babur.

Habibu bai ce ga shi nan ba. Ya ba Isufu jigilar albasarsa zuwa Konni. Ya aika buhun gero gidan Kamalu. Kamalu ya karɓi geron, sannan ya bi ta bayan gida ya ce wa Habibu abin ya wuce, ya riƙa fitowa ciyayya.

Habibu ya amsa masa cewa akushin ta ƙofar gaba ya koma, ta nan zai fito.

Gaskiyarsa. Ba a wulakanta mutum a gaban jama'a a ba shi haƙuri a bayan darni. Kamalu, ka zo ƙofar gidan Liman, kan tabarmar da ka yi abin. Ka faɗi la'adar da ka karɓa. Ka ce Habibu ba mahassadi ba ne. Sannan ka buɗe akushinsa da hannunka, ka fara kai loma, muna gani.

Darasi: Kafin ka zuba kuɗinka a asusu, sa a zazzage maka buhun, ka san abin da ke ciki da abin da za a cire. Wanda ya yi tambaya ba maƙiyinka ba ne. Ku isar da wannan ga ƴan'uwa, har ya kai ga Kamalu.