Jinin da Ya Fito a Daɓen Alhaji Mamuda

Ku ajiye wayoyin nan ku matso, yau akwai shari'ar da za ku yanke mini.

A Gusau aka yi wani magini, Baba Jatau, wanda ya ƙware a daɓen zamani, irin wanda ake kwaɓa tsakuwa da gam a shimfiɗe a tsakar gida. Shi ya yi wa Alhaji Mamuda daɓe fari tas, daga bakin get har ƙofar falo. Wata biyu kacal sai jajayen tabo suka ɓullo, kamar an yanka kaza an ja ta a ƙasa. A wanke, gobe su ƙaru. Ana cikin haka uwargidan Alhaji ta kwanta ciwo, masu baki suka ce ai magini ne ya binne asiri, ga jini nan yana fitowa. Alhaji kuwa mutum ne mai saurin hawa. Ya sa aka tsare tsohon a ɗakin maigadi, matasan unguwa suka cika ƙofa da sanduna.

Baba Jatau yana da 'ya'ya uku. Babbansu Tanimu ne ya fara isowa, ya ratsa taron, wani ya sauke masa sanda a kafaɗa bai ko juya ba. Ya durƙusa ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, ka ba mu kwana biyu. Ka saki Baba ka riƙe ni. In ba mu kawo hujja ba, a yi mini abin da za a yi masa." Alhaji ya yarda da ƙyar, aka kulle Tanimu.

Lantana, ta biyu, ba ta taɓa riƙe cokalin gini ba, amma Allah ya ba ta ido. Ta bi tabon a tsugune, ta lura duk inda tiyon maigadi yake kaiwa nan jan yake, ƙarƙashin mota kuwa fari fes. Ta tara farin ƙyalle a bakin famfon burtsatsen gidan, kafin la'asar ya yi ja. Tsatsa ce a ruwan. Ashe wankin da ake yi kullum don a kori tabon shi ne yake haifar da shi! Ta nuna wa Alhaji, ya ce shi ba ƙyalle ya tambaya ba, in ba asiri ba ne a goge ya gani.

Saura yini ɗaya. Autansu Gambo, wanda ake wa dariya don yawan gwaje-gwaje, ya sayo buhun lemun tsami, ya matse, ya jiƙa tabon, ya yi ta gurza da buroshi cikin rana har tafin hannunsa ya tsage. Matasan na tsaye a kansa suna jira ya gaza. Da ya ɗauraye da ruwan rijiyar maƙwabta, sai farin ya dawo. Alhaji ya sunkuyar da kai, ya buɗe wa Tanimu ƙofa da hannunsa.

Ni dai har yau abin yana ƙona mini rai, domin tun ranar Baba Jatau bai sake aiki ba. Ya ce cokalinsa da sunan sana'arsa ɗaya daga cikin 'ya'yan zai ba wa, ba zai raba ba. In ba Tanimu, da an illata tsohon kafin a bincika. In ba Lantana, da ba a san tsatsa ce ba. In ba Gambo, da Alhaji bai gaskata ba.

To, ku faɗa mini, a hannun wa zai ɗora cokalin nan?