Bushiya da Irin Kabewar Iya Tabawa

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku masu zuba wa kaskona ido."

"Ta zo mu ji ta, Gwaggo!"

To, ku ja da baya daga murhun nan, 'ya'yan kabewar ba su soyu ba tukuna. Lantana, janye hannunki, na gan ki. Kafin su yi, bari in ba ku labarin wadda ta soya abin da ba a soyawa.

Wata tsohuwa ce ana ce mata Iya Tabawa. Tana da wata kabewa da ta gada wurin uwarta, ja wur a ciki, ga garɗi, in aka yi taushe da ita har maƙwabta sai sun leƙo. Wata shekara fara ta sauka ta cinye gonaki ƙarƙaf. Duk ƙauyen ba kabewar da ta tsira sai tushe ɗaya, a bayan ɗakin Iya.

Da kaka ta yi, Iya ta fasa babbar kabewarta. Ta sa hannu ta ƙwaƙulo cikin, ta zuba a ƙwarya, ta murje 'ya'yan da ruwa har suka rabu da zare-zaren nan masu santsi. Ta tsince manya masu ƙiba, ta cuɗe su da toka don kada ƙwaro ya shige su, ta baza a faifai ɗaya. Waɗannan su ne iri. Ragowar ta baza a wani faifan, su ne na ci.

Ku gaya mini, iri yana hawa kasko?

"Ba ya hawa!"

Yawwa. In ya hau, ko a bakin kogi ka shuka shi ba ya fitowa.

Tana cikin shanya sai ga aike, wai 'yarta ta haihu a wani gari, tafiyar kwana uku ce zuwa da dawowa. Iya ta kira maƙwabciyarta Bushiya, wadda ke zaune a ƙarƙashin rumbu. A zamanin nan Bushiya ba ta san dunƙulewa ba, da fuskarta a sake take yawo. Mutuniyar kirki ce, sai dai tsoro. In ganye ya faɗi, gabanta ma ya faɗi.

Iya ta ce mata, "'Yar nan, na wannan faifan ki soya ki ci, naki ne. Na tokar nan kuwa amana ce. Duk duniya ba sauran irin kabewar uwata sai su."

Bushiya ta ce ta ji, ta kuma karɓa. Iya ta ɗauki sandarta ta tafi.

Ranar farko Bushiya ta haɗa wuta da kara, ta ɗora kasko, ta yayyafa wa nata 'ya'yan ruwan gishiri, ta zuba tana juyawa. Ƙamshi ya tashi ya tsallake danga, ya je ya sami Kurege a bakin raminsa. Kun san Kurege, bai taɓa noma ba, bai kuma taɓa kwana da yunwa ba. Sai ga shi da sallama, wai ya zo duba lafiyar maƙwabta. Ya zauna yana ɓarewa yana hira, yana hira yana ɓarewa, har faifan ya koma ɓawo zalla. Sannan idonsa ya sauka a kan ɗaya faifan.

"Waɗancan fa, Yaya Bushiya?"

"Iri ne. Amanar Iya ce."

"Allah Ya raba ni da cin amana. Ni dai tsohuwar nake tausayi. Toka daga ina take fitowa?"

"Daga wuta."

"To, 'yar wuta kika bari ta kwana jikin iri?"

Ya kaɗe wutsiya ya yi tafiyarsa. Ya bar Bushiya tana kallon faifan. Ta je ta taɓa tokar, ta ji da ɗumi. Ɗumin rana ne fa, amma mai tsoro ba ya bambancewa. Ta zauna, ta tashi, ta sake taɓawa. Ta ce a ranta, Iya ta tsufa, wataƙila mantuwa ta yi. Sai ta ɗebo ruwa ta wanke irin nan tas.

Rana ta biyu gari ya waye da hadari, irin na bankwanan damina, wanda ba ya zuba ruwa ba ya kuma barin rana ta fito. Iri yana nan jiƙe a faifai. Bushiya ta dubi sama, ta dubi faifai, hankalinta ya tashi. Sai ga Kurege. Ya sunkuya ya shinshina, ya girgiza kai kamar wanda ya zo ta'aziyya.

"Jiƙaƙƙen iri kwana ɗaya yake yi ya yi fumfuna."

"To yaya zan yi?"

"Kasko."

"Iri ba ya hawa kasko, Kurege."

"Wa ya ce ki soya? Ɗumamawa na ce. Rigakafi ya fi magani."

Bushiya ta ɗora kasko. Ta zuba, ta ce yanzu za ta sauke. Ta taɓa, da sauran laima. Ta ƙara kara ɗaya. Ta taɓa, da saura kaɗan. Ta ƙara wani. Sai ta ji wani ɗa ya ce tas, wani ma ya ce tas, ƙamshin jiya ya dawo. Ta sauke da sauri har ta ƙona yatsu, amma aikin gama ya gama. Garin gyaran gira an rasa ido.

Rana ta uku, ranar dawowar Iya, Kurege ya tarar da ita ta yi tagumi. Ya ce kada ta yi saurin kuka, shi gwani ne, da harshe yake gane iri mai rai. Ya ɗauki ɗaya ya ɓare ya tauna, ya ce wannan ya mutu. Ya ɗauki wani, ya ce Allah Ya jiƙan wannan ma. Haka ya yi ta binne su a cikinsa har ya cinye rabi. Bushiya ta riƙe faifan ta ce ya isa, ita yanzu me za ta gaya wa Iya.

"Me ya kai ki gaya mata? Mayar musu da tokarsu. Toka ba ta da baki."

Yana faɗin haka ya jiyo ƙarar sanda a bakin hanya, ya bi ta ƙarƙashin danga ya ɓace. Bushiya kuwa, tsoro da kunya suka haɗu suka rufe ta. Ta dumbuzo toka a murhu ta cuɗe soyayyen irin, ta baza shi yadda Iya ta bari.

Iya ta shigo da gajiyarta, kafin ta sha ruwa ta nufi faifai. Idon tsufa, ga toka ta rufe komai. Ta ce ai kuwa sun bushe har sun yi sauƙi, ta sa wa Bushiya albarka. Ta ɗura su a gora, ta toshe da totuwa, ta rataye a ƙuryar ɗaki.

To ku saurara, nan ne wurin da ni kaina nake jin haushin Bushiya. Ashe da sauran kabewa ɗaya da ganye ya ɓoye a kan rufin ɗaki, autar tushen nan, ta ƙosa sarai, cike da 'ya'ya masu rai. Washegari Iya ta sa sanda ta gangaro da ita. Ta ce tunda iri ya samu ya shiga gora, 'ya'yan wannan duk na suya ne, tukwicin mai riƙon amana.

Iya ta ɗauki wuƙa ta fasa. Bushiya ta ga 'ya'yan nan farare. Kalma ɗaya ce za ta faɗa, a ware ko goma a cuɗe da toka, shi ke nan.

"Iya."

"Na'am, 'yar nan?"

"Sannu da gajiyar hanya."

Iya ta amsa, ta wanke 'ya'yan, ta shanya. Rana kuwa ta fito ranar, kafin la'asar sun bushe. Iya ta ɗauko ruwan gishiri. Bushiya ta matso.

"Iya."

"Ina jin ki."

"Yaya mai jego?"

Iya ta ce mai jego ƙalau, jariri ma ƙato. Ta yayyafa gishiri, ta haɗa wuta, ta ɗora kasko. Ta ɗaga faifan ta karkata shi. Bushiya ta miƙe tsaye.

"Iya!"

Iya ta tsaya da faifai a hannu, tana jira. Ta jira, ta jira. Bushiya ta dubi fuskar tsohuwar da ta gama sa mata albarka jiya, ta ji ba za ta iya ba.

"Wutar ta yi yawa."

Iya ta yi dariya ta zare kara ɗaya, ta juye 'ya'yan duka a kasko. Suka soyu, ta cika wa Bushiya hannu biyu. Bushiya ta ci, bakin ciki ya hana ta jin gishirin.

Rani ya zo, Bushiya ta yi ta ramewa. In Iya ta shiga ɗaki, gabanta ya faɗi. In Iya ta kira ta, sai ta ce yau asiri ya tonu, ashe ɗan tuwo ne za a ba ta. Matan ƙauye kuwa suna ta zuwa suna tuna wa Iya alkawarin iri, tana cewa kowa zai samu, albarkacin Bushiya.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Damina ta faɗi, Iya ta sauke gora, ta raba wa kowane gida uku-uku, ta shuka nata a bayan ɗaki. Mako ɗaya, masara ta fito, kabewa shiru. Mako biyu, kuɓewa ta yi ganye, kabewa shiru. Kullum da safe Iya sai ta dogara sanda ta je ta tsuguna tana duba ƙasa. Mako na uku ta dawo ta ɗauki gorar ta girgiza, ɗa ɗaya da ya maƙale ya faɗo. Ta goge tokar da bakin zane, ta ɓare da haƙorin da ya rage mata, ta tauna. Ta ji ɗanɗanon suya. Sannan ta kira Bushiya.

Ba ta yi faɗa ba, ba ta ɗaga sanda ba. Da ma ta yi, da ya fi sauƙi. Ta ce, "'Yar nan, suyar farko kuskure ce, kowa yana yi. Ta biyu kuwa da hannuna na yi ta, kina tsaye kina kallona. Sau uku kina kirana. Ba wuta ce ta kashe irin uwata ba, shirunki ne."

Bushiya ta rasa inda za ta sa fuskarta. Ta sunkuyar da kai, ta ƙara sunkuyarwa, har hancinta ya shige cikinta, ta dunƙule wuri ɗaya. Iya ta ce ta tashi, ta kasa. Kabewar nan kuwa daga shekarar ba a sake ganinta a ƙauyen ba.

Shi ya sa har yau, in bushiya ta ji takun mutum sai ta dunƙule ta ɓoye fuska, tana tsammani Iya Tabawa ce. Ku kuma, in kun yi ɓarna, ku faɗa tun da sauran gyara. Kunyar yini ɗaya ta fi ta har abada sauƙi.

In da ƙarya a ciki, ba a kaskona aka soya ta ba. Ƙurunƙus kan kusu.