Abin da Aziza Ta Gani a Fim ɗin

Akwai wani dattijo a Unguwar Sarki ta Kaduna, sunansa Alhaji Sanda. Ya yi ritaya daga aikin gwamnati, amma bai yi ritaya daga gyara wa mutane zance ba. In ana karanta labarai a rediyo, sai ya gyara wa mai karantawar. In matarsa Hajiya Maimuna ta ce miya ta yi, sai ya ce saura gishiri kaɗan. Ba mugu ba ne, kowa ya shaida. Shi dai bai yarda akwai abin da ba ya bukatar gyara ba.

Akwai wani littafin yara da su Alhaji Sanda suka karanta tun suna firamare, labarin wata yarinya Tani da 'yar akuyarta da ruwa ya tafi da ita. Alhaji Sanda ya kusa haddace shi. Da ya ji an mayar da littafin fim, za a nuna a wani gidan kallo a cikin gari, sai ya leƙa wajen maƙwabcinsa Malam Yakubu, tsohon malamin makaranta ɗan kudancin Kaduna, wanda suka daɗe suna zaman hira tare.

"Malam Yakubu, ka ji sun taɓa mana littafi? Wallahi ɓata shi za su yi."

"Alhaji, ai ba ka gani ba tukuna."

"Zan gani. Kuma zan gaya musu gaskiya."

A gidan Alhaji akwai jikarsa Aziza, 'yar shekara takwas. Ita da mahaifiyarta Na'ima, 'yar Alhaji, sun dawo gidan ne bayan mahaifinta ya rasu a haɗarin mota. Yarinyar da a da surutunta ke hana kakanta jin rediyo, yanzu ta koma shiru. In ya tsokane ta ya ce, "Amaryata, yau ba gaisuwa?" sai ta yi ɗan murmushi ta wuce.

In kuwa ya ga idonta ya ciko, sai ya yi sauri ya ce, "Haba, share hawayenki. Yi haƙuri. Addu'a yake bukata, ba kuka ba." Sai ta share, ta shige ɗaki.

Na'ima ce ta ce, "Baba, ku tafi da ita mana, ko ta sha iska."

Ranar Asabar bayan Azahar suka kama hanya a tsohuwar motar Alhaji, shi da Aziza da Malam Yakubu.

Tun da aka fara fim ɗin Alhaji yake gunaguni. Akuyar littafi fara ce, wannan ja. Tani ta littafi ba ta da takalmi, wannan har da silifa. Malam Yakubu ya zungure shi, ya ce, "Alhaji, mutane na kallo."

Sai aka zo inda ruwa ya tafi da akuyar. A littafi magana ɗaya ce: Tani ta yi haƙuri, kakanta ya sayo mata wata. A fim kuwa ta zauna a bakin rafi tana ta kuka. Kakanta ya zo ya zauna kusa da ita, bai ce komai ba. Aka daɗe a haka, ba kiɗa, ba magana.

Alhaji ya ja tsaki. "Wannan ba ya cikin littafi. Ɓata lokaci kawai."

Da aka tashi, a bakin ƙofa akwai wani matashi mai suna Kabir, riƙe da waya yana ɗaukar ra'ayin masu kallo don shafinsa na intanet. Wata mata ta ce waƙoƙin sun yi daɗi. Wani saurayi ya ce fim ɗin ya yi tsawo. Malam Yakubu ya ce rafin ya tuna masa da na ƙauyensu.

Alhaji Sanda ya gyara hula, ya yi gyaran murya. Ya tanadi magana tun daga launin akuya har zuwa ƙarshen labari.

Amma Kabir sai ya fara durƙusawa gaban Aziza.

"Ƙanwata, wane wuri ya fi burge ki?"

Alhaji ya buɗe baki zai ce ba ta cika magana ba, sai ya ji muryarta.

"Wurin da ta yi kuka."

"Me ya sa?"

Aziza ta kalli ƙasa. "Saboda kakanta bai ce ta yi shiru ba. Ya bar ta ta gama."

Alhaji ya juyo ya kalli jikarsa. Wurin da ya ja wa tsaki ke nan. Shi yana ƙirga abin da aka canza, ita kuwa tana kallon abin da ta rasa a gida.

Kabir ya miƙe ya juyo da wayar. "Baba, ku fa? Yaya kuka gani?"

Malam Yakubu ya kawar da kai yana jiran ruwan gyara. Alhaji ya ce, "Sun canza littafin, wannan gaskiya ne. Amma jikata ta fi ni kallo yau. Ka sa nata ra'ayin."

A hanyar komawa, sun kusa Abakpa, Alhaji ya hango ta a madubi tana matse ido, tana haɗiye kuka kamar yadda ta saba. Kalmar "yi haƙuri" ta zo har bakinsa. Ya mayar da ita.

Ya gangara gefen titi ya kashe mota, ya fito ya koma kujerar baya kusa da ita. Malam Yakubu ya ce bari ya je ya duba mai gasa masara can gaba, ya fita ya ba su wuri.

Aziza ta kifa kanta a kan babbar rigar kakanta ta yi kuka, irin wanda ba ta taɓa yi a gabansa ba. Keke-napep suna wucewa suna hon. Alhaji Sanda, mutumin da bai taɓa rasa ta cewa ba, ya dafa kanta kawai. Shi ma hawayensa suka sauko, don marigayin ba suruki ba ne kawai a wajensa, tamkar ɗa ne.

Da ta gama, ta ɗago ta ce, "Kaka, ka san Abbana bai iya ɗaura mini ɗankwali ba? Kullum sai ya karkace."

"Allah, amaryata? Ba ni labari."

Ta fara. Malam Yakubu ya dawo da masara, ya karɓi tuƙin ba tare da an ce masa ba. Har suka iso gida bakinta bai tsaya ba.

Na'ima na tsakar gida tana kwashe shanya ta jiyo muryar 'yarta tun daga ƙofa, tana ba da labari har da dariya. Kayan suka zube daga hannunta. Ta kalli mahaifinta.

Alhaji ya ce, "Kar ki katse ta. Ba ta gama ba."

Darasi: Yawan sani ba ya maye gurbin saurare. Kafin ka raina abin da ya taɓa zuciyar wani, tambaye shi abin da ya gani a ciki. Kuma in yaro yana baƙin ciki, kar mu yi gaggawar rufe masa baki da "yi haƙuri". Wani lokacin zama kusa da shi kawai yake so. Jama'a, ku tura wa iyaye da kakannin da kuka sani, wataƙila akwai wata Aziza a gidansu da ke jiran a saurare ta.