Ranar Da Ƙofar Dam Ta Ƙi Buɗuwa

Kai, ku ajiye wayoyin nan ku matso, yau sai na haɗa ku gardama.

Wata damina ruwa ya ƙi ɗaukewa, dam ɗin Rafin Kanya ya cika maƙil, manhajar da ke buɗe ƙofarsa kuma ta sandare. Gari yana can ƙasan dam. A cikinsa akwai Iya Delu a kwance, ƙafafu sun daina ɗaukarta, gada kuwa ruwa ya riga ya shanye ta. Jikokinta uku, Sallau da Lantana da Tanimu, su ne masu rubuta manhaja a ofishin dam. Aka ce su yi sabuwa kafin bangon dam ya fashe.

Suka hau rubutu. Suka yi ƙunshin aiki biyu, irin wanda ake ajiyewa a kira shi daga baya, yana riƙe da duk abin da ya ara. Ɗaya zai buɗe ƙofa in ruwa ya hau, ɗaya zai rage ta kada kogi ya yi wa gari yawa. Suka miƙa wa kwamfaila, wato manhajar da ke duba rubutu kafin injin ƙofa ya karɓa. Sai allo ya yi ja wur. Ta ƙi!

Ita kwamfaila a dokar aro ba sani ba sabo. Masu kallo ko nawa ne su ari abu su kalla. Amma mai canja shi ɗaya ne tak, kuma in yana riƙe da shi ba mai ko leƙawa.

Manajan dam ya leƙa taga, ya ga ruwa na lasar bakin bango. Ya daka tsawa: "Akwai hanyar toshe wa kwamfaila baki, ku bi!" Sallau ya kifa ƙirji a kan madannan kwamfuta. "Yallaɓai, kakata na ƙasan nan. Wallahi ba za a tsallake ba." Da an tsallake, da wannan ƙunshi na buɗewa wancan na rufewa, har injin ya ƙone ƙofa na kulle.

Lantana kuwa hawaye na zuba take bin jan rubutun layi-layi. Can ta gano: lambar da ke faɗin girman buɗin ƙofa guda ce, amma an ba ta suna biyu, kowane ƙunshi ya are ta da nasa sunan don ya canja ta. Ba don idonta ba, da suna nan suna lalube.

Ganowa daban, gyara daban. Tanimu ya ja kujera, bango na kuka kamar turmi zai tsage, ya mallaka wa ƙunshi ɗaya lambar ɗungurum, ɗayan ya bar shi da aika saƙo kawai. Kwamfaila ta karɓa. Ƙofa ta yi ƙara, ta ɗaga. Iya Delu ko tabarmarta ba ta jiƙe ba.

Tsoron ranar bai saki hukumar dam ba. Suka ce daga yau su ma dokar aro za su bi: mabuɗin canja manhaja hannu ɗaya zai riƙe cikin jikokin nan uku, sauran biyun sai kallo. Aka tambayi Iya Delu wa za a ba, ta juya fuska bango.

Damina kuwa za ta dawo, ku ma gidajenku na ƙasan dam ɗin nan. To, a hannun wa za ku yarda a bar mabuɗin?