Kafintan da Ke Barin Huda Ɗaya

Ya 'yan uwa, an yi wani kafinta a nan Jalingo, gwanin rufin kwano. Hannunsa ba laifi, zuciyar ce ba kyau. Duk gidan da ya rufa, sai ya bar 'yar huda ɗaya a inda shi kaɗai ya sani. Damina na sauka ɗaki ya fara yoyo, a aika a kira shi. Ya zo yana girgiza kai, yana zagin kwanon zamani. Ya wuni yana nema, ya toshe wannan, ya huda wani wuri. Har cewa yake yi wa matarsa shi ma noman damina yake, gonarsa ce dai a sama.

To, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Allah ya kawo auren 'yarsa Ruwaida, wadda yake ji da ita kamar ransa. Ango ya kama haya a unguwar Majidaɗi, gidan wata mata mai suna Lucy. Gidan nan kafintan ne ya rufa shi, amma hidimar biki ta mantar da shi abin da ya shuka.

Ran walima da la'asar, gida cike da baƙi, ruwa ya kece. Ina kuke jin ya nufa? Tsakiyar gadon amarya! Mata suka yi ta tara robobi, amarya ta fashe da kuka.

Uba ya kasa jure kukan nan. Ya tattare babbar riga, ya hau tsani, ya wuce kai tsaye ya ɗora babban yatsa a kan hudar. Nan take yoyo ya tsaya.

Lucy ta leƙo daga ƙarƙashin laima, ta ce, "Baba, ni kam ina da tambaya. Sau uku ina kiranka, kullum kana wuni kana nema. Yau ko dubawa ba ka yi ba. Wa ya nuna maka wurin?"

Rabin baƙin nan shi ya yi musu rufi. Aka kalli juna, sai dariya ta ɓarke. Yana tsugune a sama, ruwa na dukansa. In ya ɗaga yatsa gado ya jiƙe, in ya sauko ga jama'a. Tun daga ranar, ko akurkin kaza ba wanda ya ƙara ba shi.

Ya 'yan uwa, ha'inci ba ya ɓoyuwa. Hudar da ka bar wa wani, a kan wanda ka fi so za ta zuba. Allah ya toshe mana ƙofofin ha'inci, ya kiyaye mu, amin.