Manomin da ya cike fararen kawuna

Akwai wani manomi da matarsa take da waƙa guda ta kanta. Tana rera ta in tana sussuka, tana rera ta a hanyar rijiya, a hankali, ba ta gaggawa. Wani tsohon malamin mawaƙan coci ya taɓa jin ta, ya rubuta mata waƙar a takarda da alamun kiɗa. Ana nan matar ta rasu, malamin ma ya bi ta.

Shekaru suka shuɗe, waƙar ta fara gudu daga kan manomin. Yakan ji farkonta a cikin iskar da ke kaɗa dawa, in ya tsaya domin ya kama sauran, sai ta ɓace. Abin ya dame shi ƙwarai, gama ba shi da wani abin da ya rage na muryarta.

Sai ya ɗauko takardar. Bai iya karanta ta ba, amma idon manomi ne da shi. Ya ga layuka biyar kamar kunyoyi, da ƙananan kawuna a kansu, waɗansu baƙaƙe, waɗansu kuwa zobe ne kawai, cikinsu fari. Ya ce a ransa, "Ƙwaro ya cinye cikin waɗannan, ko tawada ce ta ƙare wa malam." Bawan Allah ya nemo biro, ya zauna a inuwar rumbu, ya bi su ɗaya ɗaya yana cikewa, da ƙauna da natsuwa, har bai bar ko ɗaya ba.

Ran Lahadi bayan sujada ya kai wa mai kaɗa piyano ta ikilisiya. Ta kaɗa. Waƙar ta fito a guje, kamar mai tsere wa ruwan sama.

Manomin ya ce, "'Yata, wannan ba ita ba ce. Mai ɗakina ba ta taɓa sauri haka ba."

Mai piyanon ta duba da kyau, ta ga baƙaƙen kawuna marasa kara, abin da ba a rubutawa. Ta ce, "Baba, wa ya taɓa takardar nan?"

Ya ce, "Ni na gyara ta."

Ta shimfiɗa takardar a gabansa. Sa'an nan ta nuna masa da yatsa. "Wannan kai ne, wannan kara, wannan da ya lanƙwasa a bisa kuwa wutsiya. Baƙin kai mai kara, taki ɗaya ne. In yana da wutsiya, a wuce da sauri. Amma farin kai, Baba, nan ne ake riƙe murya a daɗe. Nan ne Mama take tsayawa."

Ta ɗaga takardar wajen taga. Da rana ta ratsa ta, sai tsofaffin zobban suka bayyana a ƙarƙashin sabuwar tawada. Ta sake kaɗawa, tana jinkiri a kowane ɗaya. Manomin ya rufe ido, ya ga ƙaiƙayi yana tashi a masussuka, hawaye suka zubo masa. Amma a layin ƙarshe, ranar da yake cikewa, ya danna biro da ƙarfi har takardar ta jiƙe, haske bai nuna kome ba. Yadda matarsa take ƙare waƙar, ba wanda ya sake sani.

Ma'anar wannan misali ita ce, takardar nan ranmu ce, Ubangiji kuwa shi ya rubuta ta. Fararen kawunan su ne lokatan da muke gani wofi: jiran haihuwa, jinya, rashin aiki, addu'ar da ba a amsa ba tukuna, gidan da ya yi shiru. Mu kuwa, ya ku ƙaunatattu, biro ba ya barin hannunmu. Muna cike su da surutu, da waya, da dabarar kanmu, muna cewa gyara muke yi. Manomin nan ba mugu ba ne, ƙauna ce ta sa shi, duk da haka ya yi hasara.

In ka riga ka cike waɗansu, ɗaga su gaban hasken Almasihu, zai nuna maka abin da ya rubuta tun farko. Wanda ke gabanka a yau kuwa, ajiye biron. Ba kuskure Allah ya yi ba, so yake ka daɗe a wurin tare da shi.